Tsohon Fim Ɗin Binciken Laifi Shaida Ne, a Daina Yi Masa Kwaskwarima

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ba zai rasa cin karo da su ba: gutsattsarin fina-finan Amurka na shekarun 1940, wani mutum da malafa da doguwar kwat yana bin sawun wani cikin dare, amma an bi hoton da manhaja an shafa masa kala, an goge fuskokin sun yi sumul, an datse gefe da gefe don ya cika allon waya. Masu wannan aiki cewa suke yi raya fim ɗin suke don matasa su kalla. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa a yanke wuraren da ba su dace da wannan zamani ba, ko ma a jingine fina-finan gaba ɗaya saboda wariyar launin fata da ke cikinsu. Ban yarda da ko ɗaya ba, kuma dalilina guda ne. Tsohon fim ɗin binciken laifi shaida ne a kan zamanin da aka yi shi. Gaskiya ne an koya masa abin da zai faɗa kafin ya shigo kotu, don haka ba duk maganarsa ake ɗauka ba, amma wanda ya iya yi masa tambaya zai tatsi gaskiya mai yawa daga bakinsa. Ranar da aka ƙara masa ko aka rage, shaidar ta lalace.

Abin da ya sa wannan rukunin fim ya fi sauran amfani ga mai son sanin tarihi shi ne aikin mai bincike yawo ne. Fim ɗin soyayya zai iya farawa ya ƙare a ɗakuna uku da aka gina cikin sitidiyo. Shi kuwa mai bincike da safe yana falon attajiri, da rana yana caji ofis ko ɗakin ajiye gawa, da dare yana wani otal mai arha yana ba mai gadi na goro don ya leƙa littafin baƙi. Duk inda ya sa ƙafa kyamara na biye, kuma tana ɗaukar abubuwan da darakta bai ma yi niyyar nunawa ba. A tsakiyar birnin Los Anjalis akwai wata unguwa a kan tudu mai suna Bunker Hill, tsofaffin gidajen masu kuɗi da suka koma gidajen haya na talakawa da 'yan fansho. Masu fim sun yi ta ɗaukar hoto a can saboda matakalanta da lungunanta. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukuma ta fara rushe ta, aka sassare tudun, aka dasa dogayen benaye. Yau wanda ke son ganin yadda unguwar take tana motsi da mutanenta, cikin waɗannan fina-finai zai nema. Haka jiragen ƙasa masu lantarki da ke bin titunan birnin, waɗanda aka daina amfani da na ƙarshensu a 1963. The Naked City na 1948 a kan titunan Niyok aka ɗauke shi, da mutanen gari na gaske suna harkarsu. The Third Man na 1949 ya nuna Biyana, babban birnin Ostiriya, da ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu, birni a hannun sojojin ƙasashe huɗu, kuma laifin da labarin ya ginu a kai sayar da gurɓataccen maganin fenisilin ne a kasuwar bayan fage. A shekarar ce kuma daraktan Japan Akira Kurosawa ya bi wani ɗan sandan ciki da aka sace wa bindiga cikin kasuwannin bayan fage na Tokiyo, inda katin rabon shinkafa ke da darajar da za a iya ba da shi jingina. Babu wanda ya gina waɗannan wurare don fim. Haka aka same su.

Kayan aikin mai binciken ma tarihi ne, kuma wanda bai san iyakarsu ba zai riƙa ganin labarin wauta ne. Matashi na yau zai ce, me ya hana shi kira kawai? Ba shi da abin kira sai ya nemi shagon magani ko tashar mai, ya jefa kwabon senti 5 a wayar haya, ita kuma mai haɗa layi ta haɗa shi, kuma tana iya jin duk abin da ake faɗa. Shi ya sa 'yar da ke zaune a na'urar haɗa layi ta otal take zama babbar majiya. Lambar kiran gaggawa ta Amurka, 911, sai a 1968 aka fara ta. Mutum zai iya ƙaura zuwa gari na gaba, ya sauya suna, ya kama aiki, babu wata kwamfuta da za ta tona shi, kuma rabin waɗannan labarai a kan wannan damar suka tsaya.

Idan aka zo ga hujjar kimiyya, nan ne sanin shekaru ke da daɗi. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta fara tara katunan zanen yatsu a wuri guda a 1924, ta buɗe ɗakin gwaje-gwajenta a 1932. Amma tsarin jera katunan ya dogara ne da yatsu goma gaba ɗaya, kuma da hannu da ido ake laluba. Don haka zanen yatsa ɗaya da aka ɗauko daga jikin kofi da wuya ya nemo maka mai laifi cikin miliyoyin katuna. Amfaninsa sai ka riga ka kama wanda kake zargi, ka gwada. Jini kuwa rukuninsa kawai ake iya faɗa, A ko B ko AB ko O, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na Amurkawa 'yan rukunin O ne. Ke nan jini na iya wanke mutum, amma ba ya iya nuna shi da yatsa. Gwajin ƙwayar halitta na DNA sai a 1984 Alec Jeffreys ya gano shi a Ingila. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa a lokacin shi ne gwada harsashi: a harba bindigar da ake zargi cikin auduga ko ruwa, a ɗauko harsashin, a jera shi da wanda aka ciro daga gawa ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ido biyu, a duba ko zanen da bakin bindiga ya bari a jikinsu ya zo ɗaya. Akwai kuma gwajin da za ka ga ana ɗauka tamkar yankan wuƙa alhali ba haka yake ba: a narka kakin kyandir a zuba a hannun wanda ake zargi, ya daskare a ɓare, a ɗiga masa wani sinadari, in ɗigo-ɗigo shuɗi ya fito a ce ya harba bindiga. Matsalar ita ce takin zamani da taba da fitsari duk suna ba da wannan shuɗin. Manomi ko mashayin taba zai iya faɗawa a kai. Daga baya aka yi watsi da gwajin. Duk wannan ne ya sa mai binciken wancan zamani ya dogara da ƙafa da baki: ya je, ya tambaya, ya kama mutum da ƙarya, ya sake komawa.

Wani lokacin kuma da hannu. Za ka ga an zaunar da mutum a ɗakin ƙasa, an haska masa fitila a ido, 'yan sanda na karɓa-karɓa har asuba, ana mari, babu lauya. Ba ƙari aka yi don armashi ba. Wani kwamitin gwamnatin tarayya ta Amurka da ake kira kwamitin Wickersham ya ba da rahoto a 1931 cewa tilasta wa mutane amsa laifi da azaba ya zama ruwan dare a ofisoshin 'yan sandan ƙasar. A 1936 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa wasu manoma baƙaƙe uku a jihar Misisifi, waɗanda da bulala aka sa su amsa laifi. Sai a 1961 kotun ta hana kotunan jihohi karɓar hujjar da aka samo ta hanyar bincike ba bisa doka ba, a 1963 ta wajabta a ba talaka lauya a babban laifi, a 1966 kuma ta ce dole a sanar da wanda aka kama cewa yana da 'yancin yin shiru. Duk fim ɗin da ya riga waɗannan shekaru, in ka ga ɗan sanda ya banka ƙofa ya kwashi takardu babu takardar izinin kotu, abin da ake yi ke nan aka nuna maka. Mai kallo a Najeriya ba zai ji wannan a matsayin labarin nesa ba, tunda dokarmu ta hana azabtarwa a 2017 aka sa mata hannu.

Shi kansa mai bincike mai zaman kansa, da ƙaramin ofishinsa da sunansa a gilashin ƙofa, wata doka ce ta ciyar da shi. A jihar Niyok har zuwa 1966 babu dalilin da kotu ke raba aure a kansa sai zina, kuma sai an kawo hujja. A wasu jihohin ma sai ɗaya ya tabbatar da laifin ɗaya. Kalifoniya ce ta fara ba da damar rabuwa ba tare da ɗora laifi ba, a 1970. Saboda haka abincin yau da kullum na wannan sana'a shi ne bin mijin wata ko matar wani da kyamara zuwa otal. Idan jarumin fim ya ɗaga kai ya ce shi ba ya karɓar aikin saki, masu kallo na lokacin sun gane yana nuna ya fi ƙarfin abin da sauran abokan sana'arsa ke ci da shi. Dashiell Hammett, wanda labaransa suka zama tushen wannan salo, shi kansa ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton kafin ya koma rubutu.

To ina shaidar take ƙarya? A bakinta, wato cikin abin da fim ɗin ya fito fili ya faɗa, musamman a mintuna biyar na ƙarshe. Manyan kamfanonin Hollywood sun amince da wata dokar tace fim a 1930, wadda aka fi sani da dokar Hays, amma sai a tsakiyar 1934 aka fara aiki da ita da gaske, aka kafa ofis ƙarƙashin Joseph Breen. Kafin a kunna kyamara sai an kai rubutun labarin ofishin, bayan an gama kuma a kai fim ɗin a ba shi hatimi. Kamfanin da ya saki fim babu hatimi tarar dala 25,000 ke jiransa, kuma manyan gidajen sinima ba za su haska shi ba. Dokar ta hana a sa mai kallo ya tausaya wa laifi, ta hana a yi wa doka ba'a, ta hana a nuna dalla-dalla yadda ake fasa akwatin kuɗi ko yadda ake kisa, ta hana batun fataucin ƙwaya da luwaɗi da soyayya tsakanin baƙi da fari. A aikace, mai laifi dole ya mutu ko a kama shi. Wannan tsari ya yi aiki har 1968, lokacin da aka maye gurbinsa da rarraba fim bisa shekarun mai kallo.

Saboda haka in fim ya shafe mintuna 85 yana nuna maka gari ya ruɓe, ɗan siyasa da ɗan daba abokan cin mushe ne, sannan a ƙarshe wani sufeto mai gaskiya ya faɗo daga sama ya gyara komai, ka ɗauki 85 ɗin, ka san sauran na ofishin Breen ne. Masu yin fim sun koyi magana da hannunka-mai-sanda, masu kallo kuma sun koyi ji. A rufe ƙofa, hoto ya dushe, a buɗe da safe mutum na ɗaura nakatai: an gama bayani. Mutum mai ƙamshin turare a katin sunansa da sandar ado a hannu, an faɗi abin da doka ta hana a faɗa. Hanya mafi sauƙi ta ganin aikin almakashin ita ce kwatanta. The Maltese Falcon an yi shi a 1931 kafin a tsaurara dokar, aka sake yin sa a 1941 bayan an tsaurara; na farkon ya fito fili da mu'amalar jarumin da mata har ofishin Breen ya hana a sake haska shi a 1936. A littafin da aka ɗauko The Big Sleep na 1946, kantin littattafan da labarin ya kewaya a kai na hayar littattafan batsa ne. A fim ba a taɓa faɗa ba, shi ya sa mutane da yawa ke gama kallo ba su gane abin da ake ɓoyewa a bayan kantin ba. A Crossfire na 1947 wanda aka kashe Bayahude ne, alhali a littafin asali ɗan luwaɗi ne. Wannan sauyin shi kaɗai ya gaya maka abin da Amurka ta yarda a tattauna a 1947 da abin da ba ta yarda ba.

Mu da muka san hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, bai kamata wannan ya ba mu wuyar ganewa ba. Wanda zai kalli fim ɗin Kannywood nan da shekara 60, in bai san an hana namiji da mace taɓa juna a fim ba, zai yi wa zamaninmu mummunar fahimta. Ko ka goyi bayan tacewa ko ka ƙi ta, sai ka san dokokinta kafin ka karanta abin da ta tace.

A lura kuma da shekara biyu: wadda aka yi fim ɗin da wadda labarin ya ce yana faruwa. Double Indemnity ya fito a 1944 ana tsakiyar yaƙi da rabon abinci da kati, amma an mayar da labarin 1938. Kamfanin Universal kuwa akasin haka ya yi, ya ɗauko Sherlock Holmes, mai binciken nan na littattafan Ingila, daga zamanin Sarauniya Biktoriya ya kawo shi 1942 yana farautar 'yan leƙen asirin Nazi. Fim ɗin Holmes irin wannan ba zai koya maka komai game da Landan ta 1890 ba, amma zai koya maka yadda ake farfagandar yaƙi.

Yanzu ga hujjar masu cewa a yanke ko a jingine, kuma ba hujjar banza ba ce. A yawancin waɗannan fina-finai baƙar fata ɗan dako ne a tashar jirgi, ko 'yar aiki, ko mai goge takalmi, ko wawan da ake dariya da tsoronsa. Shahararren mai binciken nan Basine, Charlie Chan, Warner Oland ne ɗan asalin Suwidin ya fi fitowa a matsayinsa a shekarun 1930, bayansa Sidney Toler, shi ma Bature, suna magana da gurguwar Turanci. Wanda ya ce wannan na ƙona masa rai yana da gaskiya, kuma babu wanda za a tilasta wa kallo. Amma a yi tunanin abin da yankewa ke haifarwa. In ka cire ɗan dakon, ka samar da Amurka ta 1945 wadda babu wariya a cikinta, ka wanke wanda ya yi laifin da hannunka. Jikan wanda aka wulaƙanta shi ne ya fi kowa buƙatar hoton ya zauna yadda yake, don ranar da wani zai ce ai abin bai kai haka ba. Abin da na yarda da shi shi ne a sa bayani a gaba, rubutu na minti ɗaya ko gajeren jawabin masani, wanda mai kallo zai iya tsallakewa in ya so. Fim ɗin kansa kada a taɓa.

Batun mata ya fi wannan sarƙaƙiya. Ana yawan cewa makirar macen nan da ke jan jarumi zuwa halaka tsoron mazan da suka dawo daga yaƙi ne, suka tarar miliyoyin mata sun shiga masana'antu suna karɓar albashi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ana wuce gona da iri, domin yawancin waɗannan mata daga littattafan shekarun 1930 aka ɗauko su, kafin yaƙin. Abin da ya fi tabbata shi ne tsohon sojan da ya dawo ba ya barci, ba ya tuna abin da ya yi daren jiya, ya saba da kisa. Shi kam ya cika fina-finan 1946 zuwa 1949. Sannan a 1947 majalisar wakilan Amurka ta fara tuhumar 'yan Hollywood da kwaminisanci. Edward Dmytryk, daraktan Crossfire, yana cikin mutum goma da aka ɗaure a kan haka. Jules Dassin da ya yi The Naked City sai da ya koma Turai. Hammett ya sha ɗauri a 1951. Ba mamaki daga nan fina-finan da ke yabon hukuma da kayan aikinta suka ƙaru, masu tuhumar attajirai suka ja baya.

Sai duhun, wanda shi ne masu shafa kala suka fi yi wa ta'adi. Duhun nan yana da dalilai. Daraktoci irin su Fritz Lang da Robert Siodmak da Billy Wilder sun baro Jamus bayan Hitler ya hau mulki a 1933, suka zo da salon wasa da inuwa. A 1942 kuma gwamnatin Amurka ta ƙayyade kada a kashe fiye da dala 5,000 a sabbin kayan gina dandali na fim guda, saboda katako da ƙarfe na yaƙi ne. Wanda ba shi da kuɗin gina bango sai ya bar wurin cikin duhu, ya haska fuska da tebur kawai. A fim na yau da kullum babbar fitila takan fi fitilar cike inuwa ƙarfi sau biyu ko uku. A nan sau takwas ne ko fiye, wani lokaci ma a kashe ta biyun. Ana jiƙa titi da ruwa don ya mayar da haske, ana hura hayaƙi don a ga layin fitila, ana haska ta bayan labulen katako don ratsin inuwa ya faɗo a fuska. Tufafi da kwalliya duk an zaɓe su ne bisa irin tokar da za su bayar a hoto, ba bisa launinsu na zahiri ba, har jini ma sau da yawa ruwan cakulan ne. Manhajar da ke shafa kala ba ta san ko ɗaya daga wannan ba. Canka take yi. A cikin inuwa babu bayanin da za ta dogara da shi, sai ta haska wurin ko ta cika shi da ruwan ƙasa, kwat ta riƙa sauya launi daga shuɗi zuwa toka cikin daƙiƙa guda. Mai goge tsakuwar hoto kuma, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da zaren fim ke bari a hoto, ba ya bambance ta da yayyafi ko hayaƙi ko saƙar yadi, duk sai ya share. Garin neman gira a rasa ido.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Bayan attajirin Amurka Ted Turner ya sayi rumbun tsofaffin fina-finan MGM a 1986, ya sa aka shafa wa da yawa kala, har da The Maltese Falcon na 1941, daraktansa John Huston kuma ya fito ya yi tir. Hayaniyar ta taimaka wajen kafa dokar adana fina-finai ta Amurka a 1988, kuma wannan fim na cikin 25 na farko da aka sa a rajistar ƙasa a 1989. A Faransa magadan Huston sun kai ƙara a kan wani fim ɗinsa da aka shafa wa kala, babbar kotun ƙasar ta ba su gaskiya a 1991. Bambancin yau shi ne ba a buƙatar attajiri. Duk mai waya zai iya, kuma kwafin jabu ya fi na asali saurin yaɗuwa. Wannan abin damuwa ne saboda na asalin ba shi da tabbas. Har kusan 1951 zaren fim na sinadarin naitiret ne, mai kamawa da wuta da kansa in ya ji zafi, mai ruɓewa ya zama gari. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 da ta MGM a 1965 sun cinye abin da ba zai dawo ba, kuma binciken ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa sauti sun ɓace. Zaren da ya gaje shi ba ya cin wuta haka, amma zafi da laima na sa shi warin tsami ya ƙanƙance. Mu ma mun ɗanɗana: Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓata sai da aka gano zarensa a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, aka gyara shi aka haska a Balin ta Jamus a 2018. Gyara na gaskiya ke nan: a wanke, a ɗinke, a cire datti da karce, a mayar da abu yadda mai shi ya bar shi.

Sai dai ko kwafi mai kyau ka samu, talabijin ɗinka na iya yi masa irin wannan ɓarnar ba ka sani ba. Fina-finan kafin 1953 faɗinsu 1.37 ne a kan tsayi 1, kusan murabba'i, allon yau kuwa 1.78 ne. Dole a ga baƙin shafi hagu da dama. In babu, an cuce ka. Ko dai an ja hoton ya ƙara faɗi da kashi 30 cikin 100, kowa ya zama gajere mai ƙiba, ko an zuƙo shi an zubar da kashi 23 na tsayinsa, malafa da hannun da ke zaro bindiga daga aljihu sun fita. Wanda aka datse don tsayuwar waya kuwa kusan kashi 60 na faɗinsa ya tafi, ga shi a irin wannan fim abin da ke faruwa a gefen hoto, inuwa a bango ko wani a bakin ƙofa, sau da yawa shi ne labarin. A shiga saitin allo a zaɓi 4:3 ko girman asali. A kashe abin da ke sulɓe motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus: fim ɗin hoto 24 ne a daƙiƙa, na'urar kuma ƙirƙiro na ƙarya take yi ta cusa a tsakani. A kashe mai rage tsakuwa, a sauke kaifin hoto ƙasa, a bar yanayin sinima. Hasken baƙi a daidaita shi da wani fage na dare: a rage har baƙin shafin gefe ya zama baƙi ƙirin, a tsaya daidai inda ake iya bambance baƙar kwat da bangon da ke bayanta. A kashe fitilar ɗaki. Sautin layi ɗaya ne, don haka a kashe duk wani saitin kewaye ɗaki, in ba haka ba magana za ta nutse.

Girman fayil ma abin dubawa ne. Matse bidiyo daga wurare masu duhu yake fara zubar da bayani, shi ya sa fim ɗin minti 90 da aka matse zuwa megabait 150 inuwarsa ke zama dabbare-dabbaren akwatuna. A nemi abin da ya kai megabait 700 zuwa sama. Wasu, kamar Detour na 1945 da D.O.A., haƙƙin mallakarsu ya faɗi, suna nan kyauta a shafin Internet Archive, amma daidai wannan dalilin ne ya sa munanan kwafinsu suka yi yawa. Detour an yi masa gyara na ƙwarai a 2018, shi ya kamata a nema. A duba tsawon lokaci kafin a sauke. The Third Man na Ingila minti 104 ne, wanda aka fara kai wa Amurkawa an rage masa kusan 11. In bambancin kashi 4 cikin 100 ne kacal, fim ɗin minti 100 ya zama 96, ba yanka ba ne: tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi ne ke gudu da hoto 25 a daƙiƙa, murya ta ɗan ƙara siranta.

Masu fassara fim zuwa Hausa, in har za su taɓa waɗannan, su ma abin ya shafe su. Barkwancin da ake cusawa a fim ɗin faɗa ba zai yi a nan ba, domin shirun da ke tsakanin tambaya da amsa shi ne wurin da mai kallo ke gane wa ke ƙarya. A fassara abin da aka faɗa, a bar habaicin a matsayin habaici, a bar sautin asali ana ji a ƙasa, a kuma rubuta shekarar fim ɗin da tsawonsa a jikin fayil.